Ina Jiran Ranar Rantsuwa

Masaukina na farko a Amurka wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne a College Park, jihar Maryland, a gidan wani mutum da ke ba ɗalibai haya. Taga ɗaya ce da ɗakin, can sama dab da silin, ba abin da kake gani ta cikinta sai takalman masu wucewa. Mu uku ne a ciki, ni da wasu 'yan mata biyu 'yan Kamaru da ke karatu a jami'a. Su suna da littattafai da ƙawaye. Ni kuwa abin da na mallaka shi ne akwati ɗaya, da katin zama da na ci a cacar biza, da lambar wayar wata 'yar garinmu da na yi ta bugawa ba ta taɓa ɗauka ba.

Sunana Hannatu, daga Kafanchan. A can na bar Baba da Mama da ƙanena Danjuma, na bar aikin jinya a wani ƙaramin asibiti. Da na zo nan aka ce takardar jinyata ba ta aiki sai na sake karatu, karatu kuma sai da kuɗi. Don haka na shiga aikin da yawancin matanmu ke shiga, wato kula da tsofaffi a gidajensu. Ka yi musu wanka, ka ba su magani, ka saurari labarin da suka ba ka jiya kamar yau ka fara jinsa. Aikin bai dame ni ba. Shirun ƙasar ne ya dame ni. Ka shiga bas cike da mutane, babu mai ce maka ina kwana. Sai in yi mako ban buɗe baki da Hausa ba, in ban da ranar Lahadi da nake kiran gida. Akwai ranar da na tsinci kaina ina yi wa tukunya magana, ina ce mata ta yi sauri ta tafasa, don kawai in ji muryata da harshenmu.

Wata Asabar cikin sanyin farko da na taɓa gani, ina zaune a bas hannuwana cikin hammata, sai na ji wata mata a bayana tana yi wa wani faɗa a waya. Da Hausa. Sai na ji kamar an kira sunana. Ina sane na wuce tashar da zan sauka, na jira ta gama, sannan na juya na ce, "Sannu Hajiya, ina wuni?"

Ta zuba mini ido ta saman tabarau. "A'a! Kai daga ina?"

"Daga Najeriya, Hajiya. Kafanchan."

"Shi ne kake yawo da wannan 'yar riga cikin sanyin nan? Ba ka da uwa a garin nan?"

Na ce ba ni da kowa. Ta ce, "To yau ka samu."

Hajiya Memuna ke nan, 'yar zangon Kumasi a Ghana. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta, kuma har yau haka take kirana. A garin Clinton take zaune, tana dafa shinkafa da wake da tuwon masara a kicin ɗinta, direbobi da ma'aikatan asibiti suna zuwa suna saya. Ranar ta kai ni gidanta, ta ciyar da ni har na kasa tashi, ta ba ni wata ƙatuwar rigar sanyi ta ɗanta. Ita musulma, ni kirista, amma maganar ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba, sai dai in za ta yi salla ta ce in kula mata da miya.

A kicin ɗin nan na fara sanin bambancin mai katin zama da ɗan ƙasa.

"Katin nan naka igiya ce," in ji ta, tana tuƙa tuwo. "Doguwa ce, amma igiya ce. Ka je gida ka daɗe, su ce ka bar ƙasar. Ka ce za ka kawo uwarka ko ubanka, su ce sai ɗan ƙasa. Ka cika shekara biyar ɗinka, ka nemi fasfonsu, ka huta."

"Ke fa Hajiya, me ya hana ki?"

"Turanci. Na shiga jarrabawar, baturiya ta ce in rubuta, hannuna ya ƙi tafiya."

Daga ranar na san abin da nake nema a ƙasar nan. Mama tana fama da hawan jini, Baba ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Na ƙudura sai na kawo su sun ga likita na ƙwarai, sun zauna kusa da ni in riƙa dafa musu abinci.

Da shekarun suka cika, a coci aka haɗa ni da wani mutum da kowa ke kira Barista. Ɗan kudancin Kaduna ne kamar ni. Da na faɗi sunan unguwarmu ya ce ai ya san layin, ya san gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, har ya kwatanta mini bishiyar mangwaron da ke bakin cocinmu. Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a bayan shagon aski. Kafin ya taɓa takarduna sai da ya kama hannuna muka yi addu'a. Ya karɓi kuɗin gwamnati, ya karɓi nasa, ya ba ni wata takarda mai lamba a sama, ya ce, "Sista, ki je ki fara neman ɗakin da za ki sauke su Baba."

Na nemi ɗakin kuwa, ko da yake ban kama ba. Har bargo mai laushi na saya wa Mama, don na san ba ta jure sanyi. Wata ya bi wata. Duk ranar da na kira Barista sai ya ce, "Sista, layi ne. Mutane sun yi yawa, ki ƙara haƙuri."

A lokacin ina aiki a Mitchellville, a gidan wata tsohuwa baƙar fata, Madam Doris, wadda ta ƙare rayuwarta tana koyarwa a firamare. Ƙafafunta sun mutu amma kanta garau yake. Ita ta ɗora wa kanta koya mini tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa. Ina shafa mata mai a baya tana jefo mini tambaya: rassan gwamnati nawa ne, wa ke sa hannu kafin ƙuduri ya zama doka. In na kuskure sai ta buga cokali a jikin kofi kamar tana aji. Wata rana ta ce, "Yarinya, kin haddace komai tun bara. Me ya sa ba su kira ki ba? Kawo takardar in gani." Ta juya ta gaba da baya, ta sa na buga wa ofishin shige da fice waya, muka yi ta jira ana kaɗa mana kiɗa. Da aka ɗauka na karanta lambar. Matar ta ce in sake, na sake. Ta ce babu wannan lamba a wurinsu, kuma ba a taɓa shigar da wata takarda da sunana ba.

Ina tashi aiki na wuce shagon askin. Ɗakin baya ya koma wurin sayar da gashin kanti. Mai askin ya ce ba ni ce ta farko da ta zo neman mutumin ba. Kuɗin ya yi mini ciwo, amma ba shi ya hana ni cin abinci ba. Mangwaron nan ne. Na yi ta tambayar kaina ko ya taɓa ganin bishiyar, ko kuwa ni na faɗa masa ita da bakina ban lura ba, don ƙishin in ji akwai wanda ya san gidanmu.

Ban gaya wa su Baba ba. Na ƙara aikin Asabar da Lahadi, na daina zuwa coci na wani lokaci, na sake tara kuɗin. Wannan karon a ɗakin karatu na unguwa na cika fom ɗin, wata 'yar sa kai tana zaune a gefena tana nuna mini inda zan danna. Na ga rasit na gaske da idona. Madam Doris ta sa aka yi mata odar kek muka ci mu biyu.

Ba a yi nisa ba Danjuma ya kira ni ina tsaye a tashar bas. Mama ta yanke jiki ta faɗi a kasuwa, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Ban tuna yadda na koma ɗaki ba. Na dai tuna ina cusa bargon nan a akwati, ban san wa zan kai wa ba.

Na tafi gida da niyyar in yi 'yan makonni. Muna cikin zaman makoki cutar korona ta rufe duniya, aka hana jirage tashi. Da farko kullum ina kan waya ina neman hanyar komawa. Da na ga babu, sai na ajiye wayar.

Ina jin nauyin faɗin wannan, domin mutuwa ce ta kai ni, mutane kuma suna ta mutuwa a ko'ina, amma watannin nan su ne mafi daɗi da na yi tun da na girma. Baba yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Da safe in dama masa kunu, in karanta masa abin da ya saba karantawa kafin addu'a, don idonsa ya fara yin hazo. Mu fita bayan gida mu duba 'yar gonar citta da Mama ta fara ba ta ƙarasa ba, ni da Danjuma muna aiki, shi yana zaune kan kujera yana ba da umarni kamar mai kula da tasha. Da yamma mu taka zuwa tsohuwar tashar jirgi, hannunsa a kafaɗata. Ciyawa ta cinye layin, amma ya san inda kowane jirgi yake tsayawa, na Jos, na Kaduna, na Fatakwal, da sunan direban kowanne, da wanda ke shan giya a cikinsu. Na koyi dafa gwaten acca yadda yake so, da yakuwa da yawa. Ya ci ya ce, "Kin kusa. Gishirin uwarki ya fi wannan kunya." Muka yi dariya, dariyar ta juye kuka, muka bar ta ta juye.

Babu ranar da ya tambaye ni yaushe zan koma. Ni ma ban duba kalanda ba. Da aka buɗe filin jirgi na samu kujera, cittar ta yi ganye har gwiwa.

Da na dawo Maryland, mai gidan da nake haya ya ba wani ɗakina, kayana suna gareji cikin baƙaƙen ledoji. Kamfanin da ke tura ni aiki ya cire sunana tuntuni. Na je Mitchellville in gaida Madam Doris, na tarar da allon sayarwa a gaban gidan. Wata maƙwabciya ta ce cutar ta ɗauke ta tun farkon bazara, ba a bar kowa ya je jana'iza ba. Na tsaya a bakin titi ban san inda zan nufa ba. Hajiya Memuna ce ta aiko ɗanta da mota ya kwashe ni da ledojina zuwa Clinton, ta ba ni ɗakin da take ajiye buhunan shinkafa.

Daga baya aka kira ni intabiyu. Jami'ar wata matashiya ce mai fara'a. Ta yi mini tambayoyin, na amsa kamar ina jin cokalin Madam Doris a bayana. Na karanta, na rubuta, ta ce na ci. Sannan ta ɗauki fasfona ta fara buɗe shafuka, fara'ar ta ragu.

"Kin wuce wata shida a waje," in ji ta.

Na ce mahaifiyata ce ta rasu, kuma jirage ba sa tashi. Ta ce ta sani, doka ma ta ba da dama in zan nuna cewa ban yanke zamana a nan ba. Na ci gaba da biyan haya? Aikina yana jirana? Ina da miji ko 'ya'ya da suka zauna a nan? Kowace tambaya amsarta a'a ce. Ta ajiye biro ta ce, "Ina yi miki ta'aziyyar mahaifiyarki." Ta miƙo mini takardar share hawaye, ta jira na natsu kafin ta buɗe ƙofa. Da amsar ta iso gida, an ƙi. Sai na sake zaman wasu shekaru fiye da huɗu kafin in sake nema, kuɗin da na biya kuma ya tafi.

Hajiya ta ce, "Ka yi nadamar zuwa gida?"

Na yi tunani sosai kafin na ce a'a. Ko da an gaya mini farashin tun farko, da na biya.

Shekarun da suka biyo baya ba su da labari mai yawa. Na koma makaranta da yamma, na samu takardar ƙaramar nas, na kama aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Na sayi tsohuwar mota. Ina zuwa gida in na samu hutu, ziyarar da ba ta kai wata ba, ina sauka ina lissafin ranar tashi. A kicin ɗin Hajiya kuma labari ba ya ƙarewa. Direba ya shigo sayen abinci ya ce an ƙara kuɗin fom. Wani ya ce masu ƙaramin albashi za a rage musu, wani ya ce shi ya nema an ce albashinsa ya haura da kaɗan. Ni ma da na duba, na yi arzikin da ba za a rage mini ba, ban kuma yi arzikin da zan biya ban ji a jikina ba. Na ware kuɗin a gefe tun kafin lokaci ya yi. Sai likita a Jos ya ce za a iya yi wa Baba aikin ido. Ban yi shawara da kowa ba na tura. Aikin bai yi nasara yadda aka so ba, yana ganin haske da inuwa, ba ya gane fuska. Lokacin nemana ya zo ya same ni hannu babu komai, na ƙara wasu watanni ina tarawa.

A tsakanin nan Hajiya ta kai shekarun da doka ta yarda mutum ya amsa tambayoyin da harshensa, in ya zo da tafinta. Ni na raka ta. Na sake shiga ginin nan da ya kore ni, na ɗaga hannu na yi alkawarin zan fassara gaskiya. Jami'in ya yi tambaya da Turanci, ni in juya ta Hausa, Hajiya ta amsa da ƙarfi kamar tana ciniki a kasuwa. Da ya ce ta ci, ta kama kaina ta rungume a gabansa, tana cewa, "Ka gaya masa na gode, ka gaya masa Allah ya ba shi mata tagari." Na fassara rabin farko kawai.

Tana karɓar fasfonta ta fara ɗaure kaya. Ta ce ƙashinta ya gaji da sanyi, za ta je Kumasi ta zauna cikin jikokinta, ta dawo ranar da ta ga dama. Ta bar wa ɗanta gidan da sharaɗin kada ya taɓa ɗakina. Ranar da muka kai ta filin jirgi ta damƙa mini muciyarta ta ce, "Ka riƙe. Saura kai." Na dawo na tarar da kicin ɗin a share, babu tururi, babu direbobi. Shirun da na sani a College Park ya biyo ni har Clinton.

Watannin da na ƙara ina tara kuɗi su suka jefa ni cikin sabuwar doka. Kafin in shigar da takarduna an sauya jarrabawar, tambayoyin sun ƙaru, waɗanda za ka amsa daidai ma sun ƙaru. Wannan bai tsorata ni ba, na saba da haddar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da aka ce yanzu za su duba halin mutum sosai, har suna iya zuwa unguwa su tambayi maƙwabta da wurin aiki wane irin mutum ne kai. Na zauna na yi tunani. A Kafanchan in ka tambayi Hannatu 'yar gidan mai jirgi, har mai sayar da gawayi zai ba ka tarihina. A nan na shekara da shekaru a layi ɗaya, ina fita da duhun asuba ina dawowa a gajiye, ban san sunan ko mutum ɗaya ba.

Wata Lahadi na soya cincin na zuba a roba, na ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ke kallon namu. Wani dattijo ya buɗe, dogo, da sanda a hannu. Na fara bayanin ko ni wace ce, harshena yana sarƙewa. Ya katse ni.

"Na san ki. Ke ce mai waƙa a mota."

Na ce ban gane ba.

"In kin dawo aiki ba kya fita nan da nan. Kina zama a mota kina waƙa da wani yare, wani lokaci kina share ido. Matata kafin ta rasu takan ce in rage talabijin, mai waƙa ta dawo." Ya karɓi robar ya leƙa ciki. "Sunana Wilis. Su zo su tambaye ni. Zan ce musu kin fi shekara uku kina yi mana waƙa kyauta."

Ni ban san ana jina ba. Waƙoƙin zumuntar matan coci ne da Mama ke yi in tana wanki. Na koma ɗaki kunya da daɗi sun haɗu sun rasa inda za su zauna a jikina.

Na shiga intabiyu karo na biyu, na ci. Wannan karon shafukan fasfona ba su da abin faɗa. Aka sa mini ranar rantsuwa. Na kira gida ina ihu, Baba ya sa Danjuma ya je kasuwa ya zaɓo atamfa, aka ɗinka, aka ba wata 'yar coci da ke dawowa ta kawo mini. Na gwada ta a gaban madubi, ta ɗan matse ni a hannu, na ce ko ba na numfashi sai na sa ta.

Ana saura 'yan kwanaki saƙo ya shigo cewa an ɗage, za a sanar da ni wata rana. Babu dalili a ciki. A wurin aiki na ji cewa ba ni kaɗai ba ce, an dakatar da na mutanen wasu ƙasashe har sai an sake bincike, tamu tana ciki. Maganar kawo iyaye ma an ce ta tsaya. Na je wurin wani lauya na gaske, a wani ofishin da ke taimaka wa baƙi kyauta. Ya duba komai ya ce takarduna ba su da aibu, jira ne kawai, amma bai san ƙarshensa ba. Na tambaye shi ko zan iya zuwa gida.

Ya ce, "Babu wanda ya hana ki. Amma in da 'yar'uwata ce ke, zan ce ki zauna. Za su iya kiran ki kina can. Za a iya sauya wata dokar kina can. Ba zan iya yi miki alkawarin yadda dawowar za ta kasance ba."

Atamfar tana rataye a bayan ƙofata cikin ledarta. Kullum da safe kafin in wanke fuska sai na duba waya ko sun turo rana. Har yau ba su turo ba.

Makon jiya Danjuma ya turo mini saƙo cewa ƙafafun Baba sun kumbura, likita ya ce zuciya ce, an ba shi magunguna. Na jira lokacin hutun rana, na fita na shiga mota a filin ajiye motoci na wurin aiki, na kira. A can yamma ta yi.

"Uwata, kin ci abinci?"

"Baba, Danjuma ya ce ƙafafunka sun kumbura."

"Danjuma baki gare shi."

"Zan zo. Na riga na duba tikiti."

Ina jin numfashinsa yana fita da nauyi. Sannan ya ce, "Lauyan me ya ce miki?"

Na gaya masa duka, ban rage komai ba.

"To ki saurare ni," in ji shi. "Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita, don na ga abin nan shi ke tashe ki da safe. Ni ba zan zo Amurka ba. Ko sun buɗe ƙofar sun aiko mini da jirgi. Uwarki tana kwance a bayan coci, wa zan bar wa ita? Idona ba ya gani, amma a gidan nan na san inda kowane dutse yake. In kin kai ni can, sai dai ki ajiye ni kusa da taga kamar tsofaffin da kike yi wa wanka."

Na ce, "To Baba, duk wahalar nan ta mece ce?"

"Ta ki zo ki zauna ce. Na gaji da zuwan da kike yi ƙafa ɗaya a waje. Ranar da kika sauka, ranar nake fara jin tafiyarki. In kin zo yanzu, haka za ki yi, ki zauna kina tsoron waya, ki koma ban ƙoshi da ke ba, wataƙila kuma ki rasa abin da kika ba shekarunki. Ki karɓi takardar nan. Sannan ki zo ki zauna har ki gaji da ni, babu mai ƙirga miki kwana."

Na ce, "In kuma kafin nan..."

"Wannan ba a hannunki yake ba, ba a hannun masu ofishin yake ba. Ni dai zan yi nawa. Ina shan maganin, har mai ɗacin."

Na share fuska da hannun rigar aiki. Na ce, "Baba, in damina ta ƙare ba su kira ni ba, zan zo, ko me zai faru."

"Mun yi haka," in ji shi. "Amma ki ba su damina."

A nan na fara jin wata ƙara a bayan muryarsa, kamar ana zuba tsakuwa a faranti, tana ƙaruwa har ta kusa rufe maganarsa. Na ce mene ne haka. Ya ce ruwa ne ya sauko, na farko mai ƙarfi a bana, bari ya kashe don ba ma jin juna.

"Kar ka kashe, Baba. Ka ce Danjuma ya ajiye wayar a bakin taga."

Na ji ya yi 'yar dariya, na ji yana kiran Danjuma, na ji an ja kujera. Sai ruwan kawai, yana dukan kwanon gidanmu, yana zuba daga indararo cikin durom ɗin da ke bakin kicin. Can nesa wata mata tana ƙwala wa yaranta kira su kwashe shanya. A Maryland rana ce tas, babu ko gajimare. Na jingina kai da kujera na rufe ido.

Ban san hutun ya ƙare ba sai da wata abokiyar aikina ta ƙwanƙwasa gilashin motar tana nuna mini agogo. Na ɗaga mata hannu. Ban kashe wayar ba, na rage ƙarar na sa ta a aljihun gaban rigata, na shiga na ɗauki tiren magani. Haka na bi ɗaki ɗaki ina tada tsofaffina ina ba su ƙwayoyinsu, ruwan Kafanchan yana zuba a ƙirjina.